Gidana Ne, Alhaji, Ba Filin Idi Ba

Zuwa ga Alhaji Lawali, shugaban ƙungiyarmu ta ƴan Nijar mazauna Lyon.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Hajiya da yara, da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya da juriyar ɗaukar nauyin jama'a. Na buga maka tarho har na gaji, kullum sai a ce kana taro, shi ya sa na rubuto a fili. Abin da aka yi a gaban jama'a, a gaban jama'a ake gyara shi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Hadiza, matar Malam Habu. Daga Damagaram na zo karatu, yanzu ina aiki a ɗakin karatu na wata makaranta a Villeurbanne. Maigidana kuwa ɗaukar kaya a sito ta cinye masa gwiwoyi. Muna zaune can saman wani dogon bene a unguwar Minguettes ta Vénissieux, kuma duk ranar da asansar, wato injin da ke hawa da mutane sama, ya lalace, shi da ƙasa sai kallo ta taga. Wannan ne ya sa muka sayi fili a wani ƙauye bayan gari, don ya samu gidan da zai shiga ba tare da ya taka matakala ba.

Na farko, maganar ginin. Dokar ƙauyen ta ce duk sabon gida sai ya yi kama da tsofaffin ɗakunan ajiyar ciyawa na manoman wurin: dogo, ginshiƙan katako, jan rufi, ƙofa mai faɗi. Na karanta dokar daga bango zuwa bango, na bi ta. Matan unguwa sun yi ta yi mini dariya, wai Hadiza ta bar bene za ta koma garke. Ban damu ba. In ka je gari ka ga kowa da jela, sai ka nemi tsumma ka ɗaura. Kafin a ba ni permi, wato izinin gini, na daɗe ina zuwa ƙauyen ina sayen ƙwai da cuku wurin maƙwabcina, wani tsohon manomi da ake kira Bernar, ina sauraron tarihin shanunsa ɗaya bayan ɗaya, har ya fara ɗaga mini hannu daga kan tarakta.

Na biyu, abin da na roƙe ka. Da kafintoci suka kafa ginshiƙai, na ce ka zo mini da malami ɗaya da dattawa biyu ko uku, a yi addu'a, a ci ɗan abin sadaka, kamar yadda ake yi wa kowane sabon gini a gida. Iyakar roƙona ke nan. Kai kuwa ka yi shela. Ranar Lahadin da aka sa, motoci suka cika hanyar ƙauyen har ta toshe, wasu suka faka a kan ciyawar da Bernar bai yanka ba. Aka zo da lasifika. Aka zo da rago, da ba don na tsaya a gabansa ba, da an yanka shi a nan fili, alhali ka fi ni sanin ba a yin haka a ƙasar nan.

Duk wannan da na haɗiye. Amma irin wannan gini, kafin a raba shi ɗaki-ɗaki, babban zaure ne guda. Da ka shiga ka ga faɗinsa, sai idonka ya yi haske. Ka auna shi da taku, ka duba alƙibla, ka ce ai kamar da gangan aka daidaita. Sannan ka kama hannun Bernar, cikin fara'a da kyakkyawan Faransancinka, ka ce masa in Allah Ya yarda a nan jama'armu za su riƙa yin sallar Idi. Ina tsaye da tiren shinkafa a hannuna. Na ga fuskar tsohon ta rufe kamar an ja ƙyaure.

Na uku, abin da ya biyo baya. Ba a daɗe ba meri, wato ofishin magajin gari, ta tsayar da aikin. Sun ce izinin gidan zama aka ba ni, in kuwa wurin taron jama'a ne, dokarsa daban. Ban zarge su ba. Abin da suka gani da abin da shugabanmu ya faɗa da bakinsa suka bi. Na je na yi bayani, magajin garin ya saurare ni cikin ladabi, ya ce amma mutumin da ya yi maganar shi ne ya kamata ya janye ta. Kafintocin sun tafi wani aikin. Katako na tsaye cikin ruwan sama, ya fara baƙi, sanyi kuma na tafe. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nawa ko'ina yoyo ne, don ba shi da rufi.

Na san ba da mugunta ka yi ba. Na san zafin yin Idi a ɗakin wasanni na haya, ana duba agogo. Neman wurin salla haƙƙinmu ne, kuma ranar da ka tashi nemansa ta hanyarsa, da ni za a yi. Amma ba a yin kyauta da abin wani, ko da kuwa don Allah ne.

Roƙona biyu ne. Ka raka ni meri, ka faɗa musu cewa buri ka furta, ba shiri ba, kuma ba ka shawarci masu gida ba. Daga nan mu bi ta gonar Bernar, ka ba shi haƙuri kan ciyawarsa. Idan aka yi rufi, ƙofata mai faɗi ce, an yi ta ne yadda amalanken ciyawa zai wuce. Babu wanda zai yi sallama a hana shi shiga.

Allah Ya ba ka ikon gyarawa, Ya sa shugabancinka ya zama inuwa gare mu duka. Malam Habu yana gaishe ka, yau ma daga taga.

Ina jiranka ranar Alhamis da safe. Wannan karon, Alhaji, don girman Allah ka zo kai kaɗai.

Wassalam.

Ƴar'uwarka,
Hadiza, matar Malam Habu
Vénissieux