Ciyawar da na bari a tsakar gida

Kamilu,

Na wuce Kurfi. Mota ba ta jira, shi ya sa ban tashe ka ba.

Bayan asuba na yanke ciyawar da ta cika tsakar gida. Ina yanka ina tarawa tsibi-tsibi, ina tsince ƙarangiya don kada ta soki ƙanwarka Mardiya in ta zo kwasa wa zomayenta. Sai da na kai bakin kejin na gan shi wayam, sannan na tuna mun kai ta makwancinta, zomayen ma mun bayar. Na ajiye lauje, na kasa ƙarasawa.

Na sha gaya muku mai barin aiki rabi rago ne. Maganar tana nan, ban janye ba.

Ka kwashe ta duka kafin mahaifiyarka ta fito. Kada ka ƙona, almubazzaranci ne. Kai wa maƙwabcinmu Malam Ashafa ya ba tumakinsa. Ka share wurin tas, ko tsinke kada ya rage. Jiya ne ta fara cin abinci tun rasuwar, kuma in ta ga ciyawa tsintacciya haka, ta san wa aka tara wa.

Babanka