Lambar Hajiya Suwaibatu Tana Nan a Bango

Cikin alhini mai nauyi, da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ma'aikatan Ƙananan Asibitocin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, babbar jami'a mai sa ido kan aikin ma'aikatan lafiya a wannan shiyya, Hajiya Suwaibatu Barau, wadda Allah Ya karɓi ranta da safiyar Litinin a gidanta da ke Faskari, bayan jinyar kwana huɗu, tana da shekara hamsin da takwas. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara goma sha tara marigayiya ta yi tana zagaya asibitocinmu don ganin yadda muke duba marasa lafiya, kuma ba ta taɓa zuwa da gayya ba. Takan shigo da hijabinta, ta zauna a bencin masu jiran layi, ta zuba ido. Mai sa hannu a wannan takarda, yana sabon ma'aikaci a 'Yankara, ya taɓa daka mata tsawa cewa ta bi layi, ta kuwa bi. Sai da mara lafiya na ƙarshe ya fita ta nuna masa cewa yara uku ya rubuta wa maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da ya gwada jinin ko ɗaya ba. Ba ta kai ƙararsa ba. Mako na zagayowa ta dawo ta zauna a bencin nan, sai da ta ga ya gyara.

Da matsalar tsaro ta sa hanyoyi suka yi wuyar bi, sai ta sa aka rubuta lambar wayarta a bangon kowane ɗakin duba marasa lafiya, daga Damari har 'Yargoje. Sharaɗinta ɗaya ne: ba za ta ba ka amsa ba sai ka faɗi abin da idonka ya gani, da abin da kake ganin ya kamata a yi. Wanda ya kira ya ce mata jiki ya yi tsanani kawai, takan tuna masa cewa ita ba boka ba ce, ya koma ya auna ya sake kira.

Ranar Litinin, ana shirin fita da gawarta, wayar ta yi ƙara. Malama Hamida ce, ma'aikaciyarmu da ke riƙe da asibitin 'Yargoje ita kaɗai, labari bai kai mata ba. An kawo mata mace mai tsohon ciki tana jijjiga, ga allurar tsayar da jijjigar a hannun Hamida, amma ba ta taɓa yin ta ba tare da babba a kusa ba. 'Yar marigayiya, Amatullah, ta miƙa wayar ga tsohuwar ungozoma Sista Alheri, wadda ke zaune cikin masu makoki. Sista Alheri ta ce Hajiya ba za ta iya karɓar waya ba yanzu, ta tambayi Hamida abin da idonta ya gani. Ba ta gaya mata rasuwar ba sai da aka yi allurar, aka sa matar a mota zuwa Ƙanƙara. Uwa da jariri suna raye, alhamdu lillahi.

Wannan ƙungiya ba za ta ɓoye ba: da Sista Alheri ta makara zuwa gidan makoki, ba mu san abin da za mu rubuta yau ba. Mun bar wa mace ɗaya nauyin da ya kamata mu raba a tsakaninmu, muka saba da samun ta ko da yaushe, ba mu taɓa tambayar ko ta gaji ba. Wannan yana ci mana rai ƙwarai.

A madadin shugabanni da dukkan mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Alhaji Maharazu, da 'ya'yanta Salim, Mansura da Amatullah, waɗanda suka yi shekaru suna haƙurin raba mahaifiyarsu da mu. Allah Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta, Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi.

Ga ma'aikatanmu na karkara kuma, muna sanar da ku cewa Alhaji Maharazu ya damƙa wa ƙungiya wayar marigayiya, kuma manyanmu huɗu za su riƙa karɓar ta mako-mako. Kada kowa ya goge lambar daga bango. Ku auna, ku duba da kyau, ku kira kamar yadda kuka saba. Za a ɗauka in Allah Ya so, sai dai ku yi haƙuri da muryar da za ku ji.

Sa hannu:
Malam Abdulƙarim Gide
Jami'in Hulɗa da Jama'a,
Ƙungiyar Ma'aikatan Ƙananan Asibitocin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa