Farin Mayafin Abu Salma

Zuwa ga aminina Abu Salma,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan gaya wa in ba kai ba?

Ka san ni. Daga dako a Mina, nan bayan Makka, na fara, ba uba ba ubangida, karatuna bai wuce sakandare ba. Yau shaguna uku gare ni a unguwar Kudai, darduma da carbi kwantena-kwantena nake saukewa daga Sin. Ba wanda ya ɗaga ni. Sai ga shi tun da muka kai ka makwanci, ni da ban taɓa neman kowa ba, nake tsayawa ƙofar shagonka kamar maraya. Wani ɗan Yaman ya kama wurin, turare yake sayarwa. Shayinka mai gishiri da man shanu, wanda na shekara ashirin ina kushewa, wallahi shi nake nema.

Ga labarin ƙasarku ta Tibet. Wata ƙasa ta ce za ta karrama tsohon nan naku, jagoran mabiya Buda na Tibet. Hukumomin Sin sun fusata, jakadu sai musayar zafafan kalamai suke. Da kana nan da ka manna kunne a rediyo, ka hana ni ciniki.

Ka tuna yadda mutanenmu suke tsokanarka, wai Musulmi mazaunin Makka me ya haɗa shi da jagoran wani addini? Kullum amsarka ɗaya: magabatansa ne suka ba kakanninka filin masallaci da maƙabarta a Lasa, babban birnin Tibet, ba su hana ku kiran salla ba. Ba bauta kake ba, godiya ce. Yanzu mutanensa ko hotonsa ba su isa su rataya a ɗakinsu ba. Kai kuma ka mutu kana neman izinin ziyartar kabarin mahaifiyarka a can Lasa, ba a ba ka ba. Ban taɓa ce maka abin yana cina ba. Yana cina, Abu Salma. Sau nawa na shiga Sin sayen kaya, kai da aka haifa a can ƙarƙashinsu kana nan kana tambayata ko na hango duwatsun ƙasarku ta tagar jirgi?

'Yarka Salma ta kira daga Indiya, inda tsohon yake gudun hijira. Za ta kai wa tsohon farin mayafin nan da kuke miƙa wa wanda kuke girmamawa, wanda ka ajiye a akwati. A al'adarku sai an ambaci gidan da ya aiko, da namijin da ya tsaya masa. 'Ya'yanka maza duka biyu sun noƙe, suna tsoron a hana su bizar Sin. Ban zarge su ba, suna da ƙanana.

Ɗana Mahir ya ce in na sa baki, ƙofar Sin ta rufe mana, shagunan su bushe. Wataƙila gaskiyarsa. Na kwana ina juyi, na tashi na kira Salma.

Na ce mata gidan Abu Salma bai rasa namiji ba. A faɗi sunana a gaban jama'a ranar miƙa mayafin, a rubuta shi cikakke, kada a gutsure ko harafi, kusa da naka.

Allah Ya haskaka kabarinka. Sai na iso.

Naka har abada,
Alhaji Sabi'u Ɗan Takari, Kudai, Makka