Jar Alama a Kan Shari'ar Duriyan

Goggo Zaharah, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Shekarata goma sha huɗu, ban taɓa rubuta wa jarida ba, ki yi haƙuri da ni.

Muna da bishiyar duriyan, mai manyan 'ya'ya masu ƙaya da tsada, a bakin shinge. Reshe ɗaya ya tsallaka gidan maƙwabcinmu Pak Rosli, duk ɗan da ya faɗo can sai ya tsince ya ce rabonsa ne. Yanzu shi da Baba ko a masallaci ba sa gaisawa.

Yayata Wardina tana karatun lauya. Ta zo hutu, ta bar kwamfutarta a buɗe kan shafin da ɗalibai ke binciko hukuncin kotuna. Na rubuta "bishiya" da "maƙwabci" da ɗan Turancina. Sai ga wata tsohuwar shari'a, alƙalin ya ce 'ya'yan na mai bishiya ne. Akwai jar alama a gefenta. Na ɗauka irin jan biron malamarmu ne, wato abu mai muhimmanci. Na nuna wa Baba. Goggo, ni ce ba a jin muryata a gida, amma ranar ya kira ni lauyarsa. Ya baza labarin a shagon kofi, har ana tsokanar Pak Rosli wai ya shirya amayo duriyan. Ranar Asabar za su zauna gaban dagaci.

Jiya na danna alamar. Wata shari'ar ta fito daga kotun sama, kamar tana faɗin akasin haka, rabinta ban gane ba. To wacce ce gaskiya? Ashe maganar alƙali tana mutuwa? In ta mutu, me ya hana a goge ta? Yaya ba ta san na taɓa mata kaya ba. Baba kuwa har ya sa an goge masa rigar batik, mai zanen nan ta zuwa taro.

Mai Jin Kunya, Pahang

*

'Yata, e, maganar alƙali tana iya faɗuwa in kotun da ta fi shi ta duba ta ce ba haka ba. Ba a goge tsohuwar, don masu karatu su ga inda aka fito. Jar alamar gargaɗi ce: tsaya, an taɓa wannan hukuncin. Wani lokaci duka aka rushe, wani lokaci sashe kawai. Yayarki za ta gane wanne ne.

Shiga shafinta ba izini kuskure ne, da sunanta aka ba ta shi. Amma kin koma kin danna alamar don ki tabbatar, ɗalibai da yawa ba sa yi.

Ki faɗa mata yau. Za ta yi faɗa, ki jure. Ku karanta shari'o'in biyu tare, sannan ku sami Baba kafin Asabar. Kunyar ɗaki ta fi ta gaban dagaci sauƙi. Zai ɓata rai, amma 'yar da ta tare shi kafin ya yi tuntuɓe ba ta rasa daraja. Ku kuma tuna masa dagaci sulhu yake yi, kuma 'ya'yan reshe guda sun isa a raba wa gida biyu.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya daidaita tsakanin gidajen nan biyu.