Ba Zan Koma Ɗakin Wanda Ya Sake Ni Ba

Zuwa ga Alƙalin da ya saurari ƙarata,

Allah ya gafarta Malam. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Hajara mai ɗinkin hula ta Bulabulin, wadda ka umarta ranar Litinin ta koma ɗakin mijinta. Na rubuta wannan da hannuna, a fili, domin a zauren shari'a ba a bar ni na kai aya ba.

Na ɗaya. Sani direba ya sake ni sau uku, kuma ba a zama ɗaya ba. Biyun farko ya mai da ni. Na ukun da hantsi ya furta shi a tsakar gida ina tankaɗe, wai don na je gaisuwar rasuwar gwaggona a Ajilari ba da izininsa ba, lokacin yana kan hanyar Jos. Na kwashe kayana na koma gidan yayana, na yi idda har ta cika, ko leƙe bai yi ba. Sai da na nemi takardar saki ya ce shi bai furta komai ba, yaji na yi.

Na biyu. Da aka sa ranar zama na fita neman lauya, don na ji ana cewa suna tsaya wa mutum. Kwana uku ina bulayi cikin rana kafin na sami ofishin wani a bayan kasuwa. Akawunsa ya saurare ni tsaf, sannan ya ce doka ba ta bar lauya ya tsaya gaban alƙali ba. To, Malam, in an hana lauya, wa aka ajiye ya gaya wa irina inda take tsaye? Sai na shiga Yerwa, tsohon gari, wurin Ya Falmata, tsohuwar da ke karantar da matan aure. Ta buɗe littafi ta karanta mini: bayan saki na uku babu kome sai mace ta auri wani, kuma wadda ta ji sakin da kunnenta ba ta da izinin miƙa kanta, ko da mijin ya yi musu. Ka fi ni sanin wannan babi nesa ba kusa ba.

Na uku. Na zo da mata biyu da suka ji, aka ce shaidar mata ba ta tsayawa a saki. Na haɗiye. Amma akwai Ba Modu, dattijon maƙwabcinmu, wanda yake gyaran zanar da ta raba gidajenmu a ranar, ya kuma ji komai. Tun safe yake zaune a ƙofar kotu da sandarsa, har aka kira azahar. Sau biyu na ambaci sunansa. A garin nan aka yanke mini cibiya, ina jin Barbarci, kuma na ji yadda tafintan da ke juya maka Hausata ya dunƙule maganata ya bar sunan a baya. Da na ɗaga murya, ɗan doka ya ce in kama bakina. Shi kuwa Sani ko Alƙur'ani ba a nuna masa ba.

Na huɗu. Ba zan koma ba. Ba raini ba ne, Allah ya gani. Umarninka na da nauyi a wurina, amma ba zai halatta abin da Allah ya haramta ba. In kurkuku ce a tsakani, tabarmar kurkuku ta fiye mini gadon Sani.

Ga abin da nake roƙo. A sake zama, a kira Ba Modu tun yana da sauran ƙarfin tako ƙafa. A kawo wani tafintan. A sa Sani ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, ina tsaye ina kallon idonsa. In ya kasa, a ba ni takardata. In kuma ya rantse a kan ƙarya, shi da Mahaliccinsa, amma ko a ranar ma ba zan bi shi gida ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya haskaka maka gaskiya, ya sauƙaƙa maka hisabi ranar da kai ma za ka tsaya babu tafinta.

Wassalam.

Hajara mai ɗinkin hula,
Bulabulin, Maiduguri.