Injin Gahawar Baba

Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yara. Ki gaida min Baba da Inna.

Na ga wasiƙarki. Kin ce tsohuwar tukunyar gahawar Baba ta gagare shi, wai in aiko masa da injin nan na zamani, wanda ake jefa masa ɗan ƙwanso a danna maɓalli. Auta, shekara tara ke nan ina tsaye a bayan kanta a shagon gahawa a ƙasar mutane. Ko ban san komai ba, wannan na sani. Abin da ke cikin ƙwanson nan ba gahawa ba ce, ƙura ce aka rufe tun bara. Mutumin da ya koya mana sansana garin gahawa kafin a ɗora, shi za a ba wannan? Ba da ni ba.

Na aiko da injin gaske, irin na shagonmu amma ƙarami. Ana cika mariƙinsa da gari, a danne da ƙarfi, a murɗa sai ya kama. Na rubuta matakan a takarda, guda goma sha ɗaya. A ajiye shi a falo.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Inji ya iso, sai da ƙarti biyu suka shigo da shi. Maƙwabta sun gani, sun sa maka albarka, in abin da kake jiran ji ke nan.

Na rubuta maka ɓaro-ɓaro cewa tun ciwon nan hannun Baba na dama ba ya damƙar abu. Likita ya hana shi tuƙi, ya hana shi zuwa shago. Abu ɗaya ya rage masa: ya tashi da safe ya haɗa wa Inna gahawa ya kai mata, kamar yadda ya saba shekara arba'in. Shi na roƙa masa.

Ranar Talata ya aiki Inna maƙwabta don kada ta gan shi. Ya jingina takardarka da gwangwanin sukari, ya danne garin da gwiwar hannu, ya murɗa mariƙin da hagu. Bai kama ba. Tafasasshen ruwa ya feso masa har tsintsiyar hannu. Kwana uku yana sa riga mai dogon hannu cikin zafin nan, sai warin magani ne ya tona shi.

Yanzu Inna ce ke haɗawa a tsohuwar tukunya ta kawo masa, shi kuma ya bar ta ta huce a gabansa. Ya ce kada a gaya maka. Wai, “Yaron ya san aikinsa, ni ne na tsallake mataki na bakwai.”

To, malamin gahawa, na gaya maka.

Ƙanwarka

Auta,

Ina gaisuwa, in kina amsawa.

Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa, don kowacce sai in tarar ina neman inda zan ɗora miki laifi. Babu. Kin faɗi gaskiya, kuma ba ki faɗa duka ba, don ba ki sani ba.

Na karanta maganar hannun Baba. Ban tsallake ba. Na karanta, na ce wa kaina Auta ce da zuzuta abu, don Baban da ke cikin kaina har yanzu shi ne mai ɗaga buhu da hannu ɗaya. Shekara shida rabona da gida, na bar shi a haka, ban so a taɓa min shi.

Ga wadda ta fi. A ɗakin da nake haya akwai gado, da kujera ɗaya, da ɗan teburi. A kan teburin nan, injin ƙwanso ne. Shekara biyu ke nan. Kofi ɗari uku nake dannawa a rana ga mutanen da ba sa ɗaga kai su dube ni, har tsintsiyar hannuna ta kumbura. Da safe ko murfin kwalba ba na iya buɗewa sai na gasa ta da ruwan ɗumi. Sai in jefa ƙwanso in danna da yatsa ɗaya, in sha ina tsaki. Idan abokin aikina zai zo, sai in tura injin ƙarƙashin gado.

Kin ga ni na fi kowa sanin amfaninsa ga mai ciwon hannu. Amma na so a ga kwali mai nauyi yana shiga gidanmu, a ce ɗansu yana can ya zama wani abu. Abin da na zama, Auta, shi ne mai wanke kofuna da ya ƙona ubansa.

Maganata a kan ɗanɗano tana nan, gahawar ƙwanso ba ta kai ba. Amma ba ɗanɗano kika tambaye ni ba.

Ban sayi sabo ba. Nawa na aiko, don na san maɓallinsa da laushi, kuma na ɗaure leda a bakin murfin yadda yatsa zai shiga ya ɗaga. Ki ce masa daga kanti yake. Don Allah kada ki karanta masa wannan.

Ki yafe min, ki gaida Inna.
Yayanki

Yaya,

Muna amsawa. Na karanta masa, daga farko har ƙarshe. Ka yi fushi in ka ga dama.

Injinka ya iso. Yau da safe Baba ya kore mu daga kicin. Da kansa ya haɗa, ya kai wa Inna, rabi a kofi rabi a faranti. Ya kurɓi nasa ya ce ruwan wanki ne, sannan ya ƙara na biyu.

Ya ce in tambaye ka, wane hannun naka ne ya kumbura, dama ko hagu?

Ƙanwarka