Rabin Maganar Likita Na Faɗa wa Golanmu

Zuwa ga Kawu Abdulsalami, mai filin shawara,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kawu, don Allah ka taimake ni, ka karanta takardar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Sau uku ina fara ta ina yagewa. Duk garin Kontagora ba wanda zan iya gaya wa wannan magana, shi ya sa na kawo ta wurinka, kai da ba ka san fuskata ba.

Ni malamin elementare ne, kuma ni ne magatakardan ƙungiyar ƙwallon garinmu, ko da yake ban taɓa buga ƙwallon kirki ba. Nawa dai rubuta sunaye, da neman mota, da ihu a bakin fili. Sunayen da zan ambata ba na ainihi ba ne.

Golanmu, wanda zan kira Maikano, tela ne a bakin kasuwa. Ya girme ni da shekara takwas, Yaya nake ce masa. Lokacin da aka aiko ni garin nan aiki ban san kowa ba, a zaurensa na zauna wata biyar, matarsa Barakatu tana ba ni tuwo kamar ƙanenta. Shekara tara ke nan yana tsare mana raga, ba takalmi, ba komai a hannunsa.

Da damina ta faɗi bana ya kira ni gefe ya ce idonsa na hagu yana yi masa hazo, sai ya karkata kai kafin ya zura zare a allura. Ya roƙe ni in raka shi wurin wani likita Bature a asibitin mishan, in yi masa tafinta, don ba ya jin Turanci. Muka hau kekuna muka tafi ba wanda ya sani. Likitan ya daɗe yana haska idon. Sannan ya juyo gare ni ya faɗi abu biyu. Na farko, idon hagu ya riga ya tafi, ba magani. Na biyu, na daman ma ba shi da ƙarfi, bugu ɗaya mai tsanani a fuska ko a kai yana iya kashe shi, saboda haka Maikano ya bar duk wani wasan da za a iya bugunsa.

Kawu, na dubi Yaya yana zaune a kan benci, hularsa a gwiwa, yana kallon bakina. Na faɗa masa ta farkon. Ya ce, “To, na daman fa, Malam?” Sai na ji bakina ya ce, “Ya ce ka riƙa kula da shi.” Iyakar abin da na faɗa ke nan. Likitan bai san abin da na rage ba, shi ma Yaya bai sani ba. A hanyar komawa ya tsayar da keke ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, har Barakatu, don in aka ji tela ya rasa ido ɗaya, masu kawo ɗinki za su koma wani wuri, ga 'ya'ya biyar. Na rantse. Na ce a raina gobe zan ƙarasa masa maganar. Yau wata huɗu ke nan ina cewa gobe.

Asabar da ta wuce muka je Zungeru wasa da 'yan reluwe, ma'aikatan jirgin ƙasa. Mu wajen arba'in muka cika bayan lorin wani ɗan kasuwa, da kalangu da gorunan ruwa. Ba mu taɓa cin su a gidansu ba, su masu takalma ne, rabin namu ƙafa ce tsirara. An yi ruwa da safe, ƙwallon fatar nan ta sha ruwa ta yi nauyi kamar kabewa. Amma Allah ya ba mu sa'a, muka ci su uku da biyu. Solomon, ɗan gabanmu mai aiki a ofishin gona, shi ya jefa biyu.

Kowa yana tsalle, ni kuwa idona na kan ragarmu tun daga usur na farko. Duk ƙwallon da ta taso sama ta nufi fuskar Yaya sai in rufe ido. Biyun da aka ci mu kuwa, duka ta hagunsa suka shiga, ko motsi bai yi ba, sai da ya ji ihun mutanen Zungeru sannan ya waiwaya. Ana dab da tashi aka ba su fenariti, aka buga ta damansa, ya tashi sama ya ture ta. Da ba don haka ba da kunnen doki za a yi.

'Yan wasa suka tsaya cin abincin da aka shirya musu, mu magoya baya muka kamo hanya da la'asar. Ba mu kai Tegina ba waƙa ta ƙare, aka shiga tankaɗe da rairayar wasan. Wasu suka ce 'yan tsakiya sun gaji da wuri. Wasu suka ce da Solomon ba ya son kansa da mun ci biyar. Sai Tanimu mahauci, wanda ya fi kowa murya, ya ce duk a bar wannan, a yi maganar gola. Ya ce shi shekara tara yana kallon Maikano, bai taɓa ganin ya tsaya kamar turmi ƙwallo ta wuce shi ba. Ya ce kowa ya san Barakatu 'yar Zungeru ce, kuma wanta yana cikin masu kula da ƙungiyar can. “Surukai ya yi wa kara,” in ji shi, “sai da ya ga abin zai yi yawa ya ture ta ƙarshe don kada a gane.” Wani dattijo, Haggai, ya ce a ji tsoron Allah, mutumin da ya cece mu ake ci wa mutunci. Aka rabu biyu, har aka kusa ba hammata iska a bayan mota tana tafiya. Sannan Haggai ya juyo ya ce, “Malam, kai ka fi kowa saninsa, yi magana mana.” Kawu, na sunkuyar da kai na ce ƙura ta shiga mini maƙogwaro. Ƙura, a ranar da aka yi ruwa.

Shirun nan nawa shi ya ba Tanimu gaskiya. Yanzu maganar ta zaga kasuwa. Jiya Barakatu ta tare ni a ƙofar gida tana kuka, ta ce mata sun daina amsa gaisuwarta a bakin rijiya. Yaya kuwa ya ce ba komai, saura mako uku mu je Minna wasan kofin lardi, a can zai wanke sunansa, ko da kai zai sa ya tare ƙwallo. Haka ya faɗa, da kansa, yana dariya.

In na faɗa wa jama'a gaskiyar idon, na karya rantsuwa, na kashe masa sana'a. In na yi shiru, ana kiransa maci amana. In na ƙarasa masa maganar likita, zai san wata huɗu ina kallonsa yana shiga raga ban hana ba. In na ƙyale shi ya je Minna, wataƙila a dawo mini da shi ana ja masa sanda. In muka cire shi ba dalili, mun tabbatar da zancen Tanimu, kuma ba mu da wani gola sai Bitrus kafinta, wanda ƙwallo ke bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ina tsaye gaban allo alli a hannuna sai in manta abin da nake koyarwa. Ban san ta inda zan fara ba. Ka gaya mini.

Naka,
Tafinta Mai Nadama, Kontagora
Oktoba, 1957

*

Malam Tafinta,

Na karanta takardarka sau biyu, kuma na tausaya maka. Amma kai ka lissafa hanyoyi biyar duk ka ce a toshe suke, ni kuwa guda ɗaya na gani, kuma a buɗe take. Tsoro ne ya hana ka bin ta.

Maganar likita ba taka ba ce. Ta Maikano ce, a hannunka aka ba da ita don ka miƙa masa, ka miƙa rabi ka riƙe rabi. Na san tausayi ne ya kama bakinka ranar, ba mugunta ba, kuma da yawa daga cikinmu da mun yi abin da ka yi. Sai dai tausayin rana ɗaya ne, sauran wata huɗun kanka kake karewa. Rantsuwar da ka yi ta hana ka gaya wa mutane, ba ta hana ka gaya wa mai idon ba. Ka je yau, kada ka bari sai gobe. Ka same shi shi kaɗai, ka faɗi abin da likita ya ce kalma da kalma, sannan ka faɗi abin da kai ka yi, ba tare da ƙawata shi ba. Zai yi fushi, yana da hakkin yi. Ka tsaya ka sha. In ya ce bai yarda ba, ku koma wurin likitan da wani tafintan da shi ya zaɓa.

Bayan haka sauran shawara tasa ce, ba taka ba. Amma in ya tambaye ka, ka ba shi ƙarfin gwiwa ya gaya wa Barakatu. Ita ake ƙi gaisarwa a kan abin da ba ta ma san dalilinsa ba, wannan bai dace ba. Game da sana'a kuwa, tsoronsa ba na banza ba ne, mutane suna da saurin gudu. Amma na san tela mai ido ɗaya a nan garin da har yau ake layi a shagonsa, don riga ake dubawa, ba fuskar mai ɗinki ba. Mai ido ɗaya yana ciyar da 'ya'ya biyar. Wanda ya rasa biyun fa?

Tanimu ya yi kuskure babba, amma kada ka mai da shi shaiɗan. Ya ga abin da bai saba gani ba, ya nemi dalili, ba a ba shi ba, sai ya ƙirƙiro nasa. Ko ba ka tona asiri ba kana iya tsayawa gaban jama'a ka ce ka san dalilin ƙwallayen nan biyu, ba cin amana ba ne, kuma ka sa mutuncinka a kai. Wannan tun a bayan lori ya kamata ka faɗe shi. Wasan Minna kuwa, a sa Bitrus. In an ci ku, badi ma akwai kofi.

Masu karatu, na aika wa Malam wannan amsa ta gidan waya ranar da takardarsa ta iso, na ƙi buga ta, domin ko an sauya sunaye gola ɗaya ne a Kontagora. Bayan mako shida ya rubuto mini 'yan layuka. Ya ce ya faɗa. Maikano ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Bai tsaya a raga a Minna ba, an ci su biyar da nema. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, Maikano da kansa ya tara magoya baya a shagonsa ya gaya musu komai, Tanimu ya fita bai iya kallon kowa ba. Masu kawo ɗinki wasu sun janye, wasu suna nan. Maikano ne ya ce a buga, don masu raka 'yan'uwansu asibiti su ji.

Malam, ban yi maka alkawarin zai koma kiranka ƙane ba, wannan ba a hannuna yake ba, ba kuma a naka ba. Ka ci gaba da zuwa gaishe shi ko da bai ɗago kai ba. Allah ya tsare masa idon da ya rage, ya sanyaya zuciyarsa a kanka, ya ba ka haƙurin jira.

Kawu Abdulsalami